Waiwaye: Yadda ajin lissafi ya raba yaran Shaker Heights

Shaker Heights gari ne na masu hali a gefen birnin Cleveland, a jihar Ohio ta Amurka. A farkon kafa shi, sharuɗɗan sayar da gidaje sun hana baƙaƙen fata shiga. A 1956 aka tayar da bam a gidan da wani lauya baƙar fata yake ginawa a unguwar Ludlow, sai maƙwabta, farare da baƙaƙe, suka kafa ƙungiya don a zauna tare. A 1970 aka fara jigilar yara tsakanin makarantun unguwanni da yardar iyaye don a cakuɗa farare da baƙaƙe, a shekarun 1980 kuma aka tattara 'yan aji 7 da 8 a ƙaramar sakandare guda.

Ƙofa ta zama ɗaya, amma ciki a rabe yake. Kafin 2020, tun wajen aji 5 ake ware yara zuwa azuzuwan gaba da na baya bisa makin jarrabawa da shawarar malami. Iyayen da suka san kan tsarin kuma sukan matsa har a ɗaga ɗansu. Nan gizo ke saƙar, domin lissafi tsani ne: wanda ya karanta aljabara a aji 8 zai iya kaiwa kalkulas, wato lissafi mai zurfi, a aji 12, wanda ya rasa ta kuwa da wuya ya cim ma 'yan uwansa. Azuzuwan gaba suka cika da farare, na baya da baƙaƙe, matsakaicin makin makarantar kuma ya ɓoye wannan giɓi.

A 1997 iyaye baƙaƙe suka gayyaci John Ogbu, masani haifaffen Najeriya da ke koyarwa a Jami'ar California da ke Berkeley, don ya binciki dalilin giɓin. Sakamakon bincikensa ya fito a 2003, ya ɗora kaso mai yawa na matsalar kan rashin himmar ɗalibai da ƙarancin sa idon iyaye. An yi masa ca, kuma masu sukar suna da hujja: gidajen fararen garin sun fi kuɗi nesa ba kusa ba, sannan yaron da aka ajiye a ajin baya tun yana ɗan shekara goma dole gwiwarsa ta yi sanyi.

A 2020 shugaban makarantun, David Glasner, ya haɗe yawancin azuzuwan gaba da na baya a matakin tsakiya. Matakin daidai ne, lokacin ne bai dace ba. Ana tsakiyar annobar korona, karatu ta intanet, malamai kuma ba su samu isasshen horo kan koyar da mai sauri da mai tafiyar hawainiya a aji ɗaya ba. Irin wannan aji yana buƙatar a rage yawan ɗalibai, a ƙara mataimakin malami, a kuma ware sa'ar cike giɓi ga wanda bai riƙe lissafin aji 6 da kyau ba.