Mitar ruwa: ina alhakin hukuma ya ƙare, ina na mai gida ya fara?

Makon jiya wani saƙon murya ya yi ta yawo a zauren WhatsApp na unguwarmu a Kubwa. Mai maganar ya rantse cewa an saita mitocin ruwa ne su riƙa gudu ko an buɗe famfo ko ba a buɗe ba, wai kuma duk bututun da ya fashe a bakin titi, mutanen layin ake raba wa kuɗin ruwan da ya malale. Kafin la'asar har an samu masu cewa a kira yaro ya cire mitar ya haɗa bututu kai tsaye. Wannan shawarar ce ta sa na zauna rubutu, don in aka bi ta, garin neman ƙiba za a samo rama.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Ruwan da Hukumar Ruwa ta Babban Birnin Tarayya ke tacewa daga dam ɗin Lower Usuma da ke Ushafa, wanda ake ƙara masa daga Gurara, yana hannunta har ya iso mita. Da zarar ya ratsa mita ya zama na mai gida, ko an sha, ko an yi wanki, ko ƙasa ce ta shanye. Gida ne, ko shago, ko makaranta, ko masallaci, duk hukuncin ɗaya ne. Saboda haka maganar bututun titi ba ta da tushe: ruwan da ya zube kafin ya kai mitarka bai juya ta ba, ba yadda za a yi ta ƙirga shi. Abin da ke kanka shi ne kai rahoto a zo a gyara.

Inda ake rikicewa shi ne yoyon da ido bai gani. Baƙaƙen lambobin da ke fuskar mita kubik suke ƙirgawa, jajayen kuma ɓarɓashinsa ne. Kubik ɗaya lita 1,000 ne, wato jarka 40 irin mai lita 25 da 'yan garuwa ke turawa a kura. Yanzu ɗauki yoyon lita ɗaya kacal a minti, wanda bai fi kaurin tsinke ba idan yana zuba. A kwana ɗaya lita 1,440 ke nan, a kwana 30 kuwa lita 43,200, sama da jarka 1,700. Babu wanda ya yi alwala da shi, amma mita ta gan shi.

Na ga wannan da idona a gidan wata maƙwabciyarmu, dattijuwa da ke zaune da jikoki biyu. Bil ɗinta ya ninka, ta tsaya kai da fata cewa mita ce ta haukace. Mai gyaran famfo ya zo, ya ce a rufe kowane famfo a gidan, ya durƙusa ya goge gilashin mitar da gefen rigarsa. Ɗan tauraron da ke tsakiyar fuskar mitar, wanda ke motsi idan ruwa na ratsa ta, yana ta juyawa a hankali, kamar mai jan carbi. Ya ce, "Hajiya, ki zo ki gani, gidan nan akwai mai shan ruwa a ɓoye." Ta ce, "Ɗan nan, aljanu ne ke nan?" Ashe ƙwallon da ke tare ruwa idan tankin sama ya cika ne ya lalace. Da dare, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, sai tanki ya cika ya yi ta tumbatsa ta bayan katanga zuwa lambatu. Gansakukar da ta fito a bangon ta daɗe tana ba da labari, ba wanda ya zagaya ya duba. Tankin masai ma haka yake yi, shi nasa ma a ɓoye, cikin kwano yake tsiyaya.

Sai dai mai saƙon muryar bai yi ƙarya ɗungurungum ba. Idan an ɗauke ruwa, iska na cika bututu, kuma idan ya dawo yakan turo ta gaba, ta ratsa mita ta ɗan juya ta. Mita ma ƙarfe ce, tana lalacewa. Akwai kuma kuɗin ƙiyasi: idan an yi watanni ba a karanta mita ba ana rubuta abin da aka kintata, ranar da aka karanta ta gaskiya sai bambancin ya taru ya sauko a wata guda. Duk waɗannan abin kai ƙorafi ne, kuma da hujja ake zuwa. Ɗauki hoton mita da dare bayan an rufe komai, a sake ɗauka da asuba, a gwada lambar da abin da ke takarda, a nemi a zo a gwada mitar.

Abin da ba a yi shi ne taɓa ta. Karya hatiminta, ko juya ta baya, ko zagaye ta da wani bututu, satar ruwa ce a idon doka, ba jayayya kan bil ba. Wanda aka kama za a yanke masa ruwa, ya biya tara da kuɗin sake haɗawa, tsohon bashin kuma yana nan daram, ana ma iya kai shi kotu. Abin takaici, ko da ma da gaske mitar ta lalace, wanda ya cire ta da hannunsa ya ɓatar da shaidarsa guda ɗaya tilo. Ƙin biya shiru-shiru ma ba ya kashe bashi, ajiye shi kawai yake yi.

Ni inda abin ya tsaya mini a rai shi ne batun ɗan haya. Bututun da ke binne ƙarƙashin siminti ba shi ya sa ba, bai san ta inda ya bi ba, bai kuma da ikon fasa daɓen wani. Amma idan takardar haya ta ce kuɗin ruwa nasa ne, shi mai gida zai miƙa wa bil. Hukuma ba ta shiga wannan rabon, ita lambar gidan ta sani. Abin da ke raba gardama shi ne yarjejeniyar hayar, da shaidar cewa an sanar da mai gida yoyon a rubuce, ko da saƙon waya ne mai kwanan wata. A gidan da mutum shida ke kan mita ɗaya kuwa, yoyon masai na ɗaki guda na iya cinye aljihun kowa.

Idan an kai ƙorafi ofishin ruwa na yanki ba a samu biyan buƙata ba, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa tun 1975, akwai kuma FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya, wadda dokarta ta 2018 ta shafi har hukumomin gwamnati masu sayar wa jama'a wani abu. Hajiya dai ba ta kai can ba. An canza ƙwallon tanki, aka sake rufe famfuna, tauraron ya tsaya cak. Bil ɗin wancan watan kuwa sai da ɗanta ya biya.