Sarauta ba gona ba ce: amsoshin tambayoyin da kuka dame ni da su

Sarauta gado ce?

Wata gado ce, wata ba gado ba. A Kano, Madaki na Yolawa ne, Makama na Joɓawa, Sarkin Bai na Dambazawa. Amma Ɗan Masani da aka naɗa Maitama Sule, ilimi da iya magana suka ba shi.

Ciroma ne ke gadon sarki?

A'a, na gaji da faɗa. Da Ado Bayero ya rasu a 2014, babban ɗansa ke riƙe da Ciroma, amma Ɗan Maje, Sanusi Lamido, aka naɗa. Sharaɗin a Kano shi ne mutum ya fito daga gidan Dabo, wato zuriyar Sarki Ibrahim Dabo. Masu zaɓen sarki su miƙa sunaye, gwamna ya tabbatar.

Kakata ta wajen uwa 'yar sarki ce, ina da haƙƙi?

Kana da zumunci. Sarauta ta wajen uba ake binta.

Mahaifinmu hakimi ne ya rasu, ni ne babba. Rawanin nawa ne?

To, a nan sai a yi a hankali. Da farko bincika: sarautar ta gidanku ce tun kaka da kakanni, ko mahaifinku kaɗai sarki ya ba? In ta biyun ce, ta koma fada tun ranar da aka kai shi makwanci. In ta gida ce, har yanzu ba taka ba ce kai kaɗai. Baffanninka na nan, 'ya'yansu na nan, kowa na da ido a kai. Girman shekaru na taimakawa, amma sarki kan duba hali, da ilimi, da yadda talakawan ƙasar ke kallon mutum, wani lokacin ma da wanda ke da kunnen gwamnati, mu faɗi gaskiya. Kuma ana iya raba sarautar da hakimcin: a bar muku suna, a tura wani riƙon ƙasar. Kowace masarauta da al'adarta, don haka je wajen dattawan gidanku kafin ka fara yawon kamun ƙafa. Kuma don Allah a bari a share makoki tukuna, ganin ɗa na neman rawani ana tsakiyar karɓar gaisuwa abin kunya ne.

In ta kuɓuce wa gidanmu, ta tafi kenan?

Kwantar da hankalinka. A Zazzau, Mallawa, ɗaya daga gidajen sarautar can, sun yi kusan shekara 100 ba su hau ba bayan Turawa sun tuɓe ɗan gidansu Sarki Alu Ɗan Sidi, sai ga Ahmed Nuhu Bamalli a 2020.

Ana sayen sarauta da kuɗi?

Ana ba attajirai da 'yan siyasa ta karramawa, kowa ya sani. Amma ta mai ita ce, ɗansa ba ya tashi da ita.

Alƙali zai raba ta cikin gado?

Haba malam. Alƙali gida da gona yake rabawa.