Steffi Graf: tambayoyi da amsoshi kan gwarzuwar tanis ta Jamus

Steffi Graf ta ajiye raket tun 1999, amma har yau in masu bin wasan tanis suka zauna musun wace ce ta fi kowa a cikin mata, sunanta na cikin ukun farko da ake ambata. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wace ce ita, kuma yaya ta faro?

Sunanta na yanka Stefanie Maria Graf. An haife ta ranar 14 ga Yuni 1969 a Mannheim, a Jamus ta Yamma ta wancan lokaci, ta tashi a wani ƙaramin gari mai suna Brühl. Mahaifinta Peter Graf, dillalin motoci da inshora, shi ya rage tsawon mariƙin raket ya ba ta tana shekara 3, suna buga ƙwallo a falon gida. Tana shekara 13 ta zama ƙwararriya. Wasanta na farko a 1982 a Filderstadt aka yi, inda Tracy Austin ta Amurka ta doke ta 6-4, 6-0.

Mahaifin bai bari an gaggauta ta ba. Ya taƙaita yawan gasannin da take shiga, aka ba atisaye ƙarfi, shi ya sa kofinta na farko bai zo ba sai Afrilu 1986 a Hilton Head, inda ta doke Chris Evert. Shekara guda bayan nan ta ɗauki gasar Faransa a hannun Martina Navratilova da ci 6-4, 4-6, 8-6, kuma ranar 17 ga Agusta 1987 ta hau matsayi na ɗaya a duniya.

Mene ne manyan gasanni huɗu, kuma me ya sa haɗa su yake da wuya?

Su ne na Ostireliya a Janairu, na Faransa a ƙarshen Mayu, Wimbledon a Landan wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, sai na Amurka a ƙarshen Agusta. Kowacce 'yan wasa 128 ke shiga, wanda aka doke ya tafi gida, don haka sai an ci wasa bakwai a jere kafin a ɗaga kofi. A wasan mata, wadda ta riga cin turmi biyu ta yi nasara. Turmi kuwa gem shida ne, wato ƙananan zagaye na maki, da tazarar aƙalla gem biyu; in an yi 6-6, yawanci akan yi zagayen raba gardama a tashi 7-6.

Wahalar tana ƙarƙashin ƙafa. Girman fili ɗaya ne ko'ina, tsawon mita 23.77, faɗin mita 8.23 a wasan mutum ɗaya, amma abin da aka shimfiɗa a kai ya bambanta. A Paris garin jan bulo ne. Yana riƙe ƙwallo, ya rage mata gudu, ya sa ta tashi sama, sai maki ɗaya ya ɗauki bugu ashirin ko fiye, kuma dole ɗan wasa ya iya sulɓi da ƙafa ya tsaya daidai. A Wimbledon ciyawa ce, ƙwallo na zamewa ƙasa-ƙasa da sauri, mai ƙarfin sabis, wato bugun buɗe maki, da mai rugawa gaban raga su ke cin kasuwa. A Ostireliya da Amurka daɓe ne mai tauri, tashin ƙwallo daidai yake, amma gwiwa da baya su ke biyan kuɗin. Tsakanin ƙarshen gasar Paris da farkon Wimbledon a zamaninta mako biyu ne kacal. A cikinsu sai ɗan wasa ya sauya takalmi, ya sauya taku, ya sauya yadda yake durƙusawa ƙwallo. Zakaru da yawa sun yi ritaya ba su taɓa cin ɗaya daga cikin biyun ba.

Me ya faru a 1988 da ake ta maganarsa?

Ta cinye huɗun duka a shekara ɗaya, ta ɗora lambar zinare ta Olamfik a kai, tana shekara 19.

A Melbourne, a gasar Ostireliya, ta doke Evert 6-1, 7-6. A Paris ta haɗu da Natasha Zvereva ta Tarayyar Sobiyat, wadda ta fitar da Navratilova a gasar, ta gama da ita 6-0, 6-0 cikin minti 34. Wimbledon ce jarrabawar gaske. Navratilova ta riƙe kofin shekara shida a jere, ta ci turmin farko 7-5, ta shiga gaba 2-0 a na biyu. Daga nan Graf ta fara maida mata sabis da ƙarfi zuwa ƙafafunta duk lokacin da ta taho raga, ta cinye gem 12 cikin 13 da suka rage. An tashi 5-7, 6-2, 6-1. A New York ta doke Gabriela Sabatini ta Ajantina 6-3, 3-6, 6-1, sannan suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na Olamfik a Seoul ta doke ta 6-3, 6-3. A manyan gasannin huɗu, turmi biyu kawai ta rasa. Wasa 27 ta buga maimakon 28, domin Evert ta janye daga wasan kusa da na ƙarshe a Amurka saboda rashin lafiya.

Kafin ita mutum huɗu ne suka haɗa gasannin a shekara guda: Don Budge a 1938, Maureen Connolly a 1953, Rod Laver a 1962 da 1969, Margaret Court a 1970. Adalci ne a faɗi cewa waɗannan ba su sami damar zinare ba, don an cire tanis daga wasannin lambar Olamfik bayan 1924, sai 1988 aka dawo da shi. Amma su ma a kan ciyawa da jar ƙasa kawai suka ci nasu, ita kuwa a kan fili iri uku. Bayanta Serena Williams ta kusa haɗa huɗun a 2015, Roberta Vinci ta tare ta a New York. Novak Djokovic ya ci uku a 2021, ya faɗi a Olamfik, ya faɗi a wasan ƙarshe na Amurka. Waɗanda suka maimaita abin da ta yi su ne masu wasan keken guragu, Diede de Groot da Dylan Alcott, a 2021.

Mene ne sirrin salon wasanta?

Ƙafa tukuna. Mutane suna ganin ƙarfin hannu, amma abin da ke kai ta wurin ƙwallo da wuri shi ne ƙananan taku masu sauri, kullum tana kan yatsun ƙafa. Wannan saurin ya ba ta damar yin abin da ya zama tambarinta: in aka aiko ƙwallo ɓangaren hagunta, sai ta zagaye ta, ta tsaya can kusurwar hagu, ta buga da gaban hannun dama. Haɗarin shi ne ta bar rabin fili a buɗe. In bugun bai yi nauyi ba, abokiyar karawa za ta tura ƙwallo inda babu kowa. Ita ta dogara ne da cewa bugun zai kashe makin, ko kuma ƙafarta ta rufe giɓin.

Bugun gaban hannun nata ba irin wanda koci zai koya wa yaro ba ne. Tana jinkirta ɗaga raket, ta bari ƙwallo ta matso kusa da jikinta, gwiwar hannu a sama, sannan ta zabura, sau da yawa ƙafafu biyu a iska. Ƙwallon na tafiya a miƙe, ba ta juyi sosai, tana wuce raga da tazara kaɗan. Raga a tsakiya santimita 91 da ɗoriya ce, kuma mai irin wannan bugu in lokacinsa ya kauce ko da ƙiftawar ido, ko dai ƙwallo ta shiga raga ko ta wuce layi. Duk ranar da Graf ta sha kashi, yawanci nan matsalar take.

A bayan hannu kuwa yanka ƙwallo take yi da hannu ɗaya, raket na saukowa daga sama zuwa ƙasa, ƙwallo ta tafi tana juyawa baya, in ta taɓa ƙasa ta zame ba ta tashi. Mai karɓa dole ta durƙusa ta ɗebo ta daga ƙasa, kuma ƙwallon da aka ɗebo haka sama take tashi a hankali. Abin da Graf ke jira ke nan. Yankan tarko ne, gaban hannu ne wuƙar. Sabis ɗinta ma na da alama: tana cilla ƙwallo sama fiye da kima, ta jira ta sauko, abin da kan ba ta matsala ranar iska.

To ina rauninta, kuma wa ya gano shi?

Bayan hannun. In abokiyar karawa ta ruga raga, yankakkiyar ƙwallo ba ta da saurin wuce ta, shi ya sa Navratilova ta riƙe ta kunnen doki, 9-9 a haɗuwarsu 18. Lori McNeil ma da wannan dabara ta fitar da ita a zagayen farko na Wimbledon a 1994, alhali kofin na hannunta. Arantxa Sánchez Vicario ta Sifaniya ta bi wata hanya, ta haƙuri: ta maido duk abin da aka buga mata har Graf ta gaji ta yi kuskure. Haka ta ƙwace gasar Faransa a 1989 tana shekara 17, kuma wannan wasan ne ya hana Graf haɗa huɗun shekara biyu a jere.

Wadda ta fi takura mata ita ce Monica Seles, bahaguwa mai riƙe raket da hannu biyu a kowane ɓangare. Tana tarar ƙwallo da wuri, tana buɗe kusurwa, ba ta ba Graf lokacin zagaye ƙwallo.

Gaskiya ne harin da aka kai wa Seles ne ya ba ta kofuna?

Wannan tambaya ba a kauce mata. Daga Janairu 1991 zuwa Janairu 1993 an yi manyan gasanni tara, Seles ta ci bakwai, Graf ta ci Wimbledon biyu. Seles ce ta sauke ta daga matsayi na ɗaya a Maris 1991. Ranar 30 ga Afrilu 1993 a Hamburg, ana hutun sauya ɓangare, wani mutum mai suna Günter Parche, wanda son Graf ya rufe wa ido, ya daɓa wa Seles wuƙa a baya. Ya ce so yake Graf ta koma ta ɗaya. Kotu ta yanke masa shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka, bai zauna gidan yari bayan hukuncin ba. Seles ba ta dawo ba sai Agusta 1995, kuma babbar gasa ɗaya kawai ta ƙara ci, ta Ostireliya a 1996.

Graf ba ta da hannu a ciki, ta je asibiti ta duba ta. Amma lissafi a fili yake: cikin kofunanta 22, shida ta ci ne tsakanin harin da dawowar Seles. A ɗaya ɓangaren, 11 na hannunta kafin harin, har da na 1988 gaba ɗaya, ta lallasa Seles 6-2, 6-1 a Wimbledon a 1992, kuma ko kafin harin ita ke gaba a haɗuwarsu, 6-4. An ƙare 10-5. A ganinmu, da ba a kai harin ba da adadin Graf ya ragu, musamman a Paris da Melbourne, amma da wuya Seles ta taɓa mata Wimbledon. Babbar asarar ta masu kallo ce da ta Seles kanta, wadda aka katse tana shekara 19.

Me ya faru da mahaifinta?

Shi ke riƙe da harkar kuɗinta. A Agusta 1995 aka kama shi kan ƙin biyan haraji, a Janairu 1997 aka yanke masa shekara uku da wata tara. An rufe binciken da ake yi a kanta bayan ta biya kuɗi. Abin lura shi ne yana tsare ta ci gasar Amurka a 1995, ta kuma ci Faransa, Wimbledon da Amurka a 1996, ga ciwon baya na damunta.

Yaya ta yi sallama da wasan?

A 1997 aka yi mata tiyata a gwiwar hagu, Martina Hingis ta karɓi matsayi na ɗaya, da yawa suka ce ta ƙare. A Paris a 1999 ta doke ta biyu a duniya Lindsay Davenport, ta doke ta uku Seles, ta iske ta ɗaya Hingis a wasan ƙarshe. Hingis, mai shekara 18, ta ci turmin farko. A farkon na biyu ta tsallaka ɓangaren Graf don musun shaidar da ƙwallo ta bari a ƙasa, abin da doka ta hana, 'yan kallo suka juya mata baya. Duk da haka ta kai 5-4, sabis a hannunta, maki uku ya rage mata. Graf ta karya sabis ɗin, ta ci turmin 7-5, ta ƙarasa 6-2. Wata guda bayan nan Davenport ta doke ta a wasan ƙarshe na Wimbledon. Ranar 13 ga Agusta 1999 ta sanar da ritaya, tana shekara 30, tana ta uku a duniya, ta ce sha'awar wasan ta bar ta.

Wane tarihi nata ne har yanzu ba a karya ba?

Kofuna 22 ɗin sun rabu haka: Ostireliya 4, Faransa 6, Wimbledon 7, Amurka 5. Court na da 24, Djokovic 24, Serena 23, amma babu namiji ko mace da ya ci kowacce aƙalla sau huɗu sai ita. Serena da Djokovic sau uku-uku suka ci Faransa, Court sau uku ta ci Wimbledon. Wannan ne ma'aunin da ya fi nuna ko wace ce, domin yana nufin babu filin da za a kai ta a ce an sami sauƙi.

Ta yi mako 377 a matsayi na ɗaya, babu macen da ta kai, Djokovic ne ya wuce adadin a 2023. Cikinsu 186 a jere ne, Serena ta kamo wannan a 2016 ba ta wuce ba. Sau takwas tana rufe shekara a sama. Jimillar kofunanta 107, ta ci wasa 900 ta faɗi 115.

Ina take yanzu?

Ta auri Andre Agassi, zakaran Amurka da ya ci gasar maza a Paris a 1999 ɗin, a Oktoba 2001. Suna zaune a Las Vegas, suna da 'ya'ya biyu. Ba ta zama koci ba, ba ta cika hira da 'yan jarida ba. Tun 1998 ta kafa gidauniyar Children for Tomorrow a Hamburg, mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yaran da yaƙi da gudun hijira suka tagayyara, kuma aikinta ya kai Uganda, Eritiriya da Afirka ta Kudu.