Kebek, garin Faransanci mai ganuwa a Kanada: amsar tambayoyinku

Tun da na saka hotunan tafiyata Kebek ake ta damuna da tambaya, wani ma rantsuwa ya yi wai Faransa na je nake ɓoyewa. To ga amsa a dunƙule na huta.

Wai ba Turanci ake yi a Kanada ba, ya aka yi Faransanci ya je can?

Ai Faransawa ne suka kafa garin tun farko. Samuel de Champlain ne ya sauka a bakin kogin Saint-Laurent a 1608 ya gina sansanin cinikin fata, sunan Kebek ɗin ma daga yaren 'yan asalin ƙasar ya fito, ma'anarsa inda kogi ya tsuke. Suna nan har 1759 Turawan Ingila suka kawo musu yaƙi, aka gwabza a wani fili a bayan ganuwa da ake ce wa Filin Abraham ranar 13 ga Satumba, faɗan ko rabin awa bai kai ba amma kwamandojin biyu, Wolfe na Ingila da Montcalm na Faransa, duk babu wanda ya rayu. A 1763 Faransa ta sallama ƙasar, mutanen kuwa suka ƙi sakin yarensu, har a 1977 suka yi dokar da ake kira Doka ta 101 don kare shi. Ko alamar tsayawa a kan titi ARRÊT za ka gani an rubuta.

Ni ko bonjur ban iya ba, zan sha wuya?

A'a. Cikin tsohon gari masu otal da gidajen abinci suna jin Turanci, kai dai ka fara da bonjur ɗin nan kafin ka juye, nan take fuska take sakewa. 'Yan uwanmu na Nijar kam sun samu, sai dai su shirya kunnensu don lafazin Kebek daban yake da wanda aka koya a lakwal, kuma a can déjeuner karin kumallo ne, dîner abincin rana, na dare souper. Wani ya gayyace ka dîner ka je da magariba, ka tarar an wanke kwanuka.

Me ake zuwa kallo?

Ganuwa, malam. A duk Arewacin Amurka in ka wuce Meksiko babu wani birni da ganuwarsa take tsaye sai wannan, tsawonta kilomita 4.6, ta dutse ce, da ƙofofinta, kuma ana hawa a yi tafiya a kai. Ni da na tsaya a ƙofar Saint-Louis gaskiya badalar Kano ce ta faɗo min a rai, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba amma mun bari ana yanka filaye a jikinta, bari dai na yi shiru. Saboda wannan tsohon garin ne UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya a 1985.

Garin hawa biyu ne. A sama kan dutse akwai Château Frontenac, ginin da kuka yi ta cewa fadar sarki ce, to otal ne, kamfanin jirgin ƙasa ne ya gina shi aka buɗe a 1893, kuma a garin ne Churchill da Roosevelt suka yi taro a 1943 da 1944 lokacin yaƙin duniya na biyu. Ba sai ka kama ɗaki ba, a gabansa akwai dandalin katako mai suna Dufferin, ka tsaya kyauta kana kallon kogi. Daga nan sai ka gangara ƙasa, ko dai ka shiga wani ɗan keji mai gilashi da ke sauka a jikin dutsen, tun 1879 ake wannan hawa da sauka, ko ka bi matakalar da suka sa wa suna Karya Wuya, kuma ba ƙarya suka yi ba. A ƙasa lunguna ne matsattsu da aka shimfiɗe da duwatsu, Petit-Champlain da Place Royale inda Champlain ya fara zama, ga wata 'yar coci ta 1688. Shawarata ka shiga jirgin ruwan da ke tsallakawa Lévis, garin da ke ƙetaren kogi, dab da magariba, 'yan mintoci ne, daga tsakiyar ruwa za ka ga garin gaba ɗaya ya kunna fitilu, hoton da ya fi kowanne kyau a wayata a nan na ɗauka. In da sauran lokaci ka leƙa Montmorency, ruwa ne ke zubowa daga tsayin mita 83, ya fi Niagara tsawo da mita 30. Kwana uku ya isa.

Wane lokaci ya fi?

Yuni zuwa Satumba, ko farkon Oktoba da ganye ke komawa ja. Sanyinsu ba hunturunmu ba ne fa, a Janairu yakan sauka ƙasa da sifili da digiri 20, ni safar hannu na cire na ɗauki hoto, kafin na gama yatsuna sun daina jin komai, wayar ma ta ɗauke alhali da caji a jikinta. Amma a sanyin ne suke bikinsu na Carnaval da ake yi duk shekara tun 1955, da mutum-mutumin ƙanƙara mai jar hula, Bonhomme.

Abinci da sallah fa?

Nan sai da lura, girkinsu na gargajiya alade ya yi masa yawa, har miyar wake da waken da ake ci da safe. Ka riƙe kalmomin nan, duk na alade ne: porc, lard, jambon. Poutine da suke ji da shi soyayyen dankali ne da cuku da romo a kai, ka tambayi romon na mene ne. Gidajen abinci na halal akwai, yawanci wajen tsohon gari, babban masallaci kuma yana unguwar Sainte-Foy, shi ne wanda aka kai wa hari ranar 29 ga Janairu 2017 aka kashe mutum shida, Allah ya jiƙansu. Mata suna tambayar hijabi, dokar 2019 da kuka ji labari, wadda ta hana sanya alamun addini a bakin aiki, wasu ma'aikatan gwamnati irin malaman makaranta da 'yan sanda ta shafa, ba baƙo mai yawon buɗe ido ba.

Biza da hanya?

Bizar Kanada za ka nema, ta Shengen ta ƙasashen Turai ba ta aiki a nan don kawai ana Faransanci. Yawanci Montiriyal ake sauka, daga can kilomita kusan 250 ne, awa uku da 'yan kai a jirgin ƙasa na VIA Rail.

Akwai tsada?

Akwai kam. Kuma farashin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai a wajen biya ake ɗora haraji kusan kashi 15 cikin 100, in gidan abinci ne kuma mai kawo maka abincin yana jiran nasa ihsanin, shi ma wajen kashi 15. Ranar farko na ƙirga kuɗina cif na miƙa, matar ta juyo min da na'urar biya ta nuna min sauran.