Ganin sauyin bariyabul tsakanin zaruruwa a manhaja

A manhajar da ke gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda, kowane layin aiki ana ce masa zare, kuma zaruruwan nan sukan yi tarayya a kan bariyabul ɗaya, wato gurbin ajiye ƙima. Matsalar gani ita ce zare ɗaya ya canza ƙimar amma ɗan'uwansa ya ci gaba da karanta tsohuwar kamar ba abin da ya faru.

Misalin da aka fi kawowa a yaren rubuta manhaja na Java shi ne na tutar tsayawa. Zaren farko yana ta zagaye yana duba ko an ce ya tsaya, na biyu ya zo ya ɗaga tutar, shi kuwa na farkon ko gezau, haka zai yi ta juyi har sai an kashe manhajar. Da yawa kash ɗin furosesa, wato ƙaramar ma'adanar da yake ajiye bayanai kusa don sauri, suke ɗora wa laifi, amma sau tari aikin kamfaila ne, wato manhajar da ke fassara abin da aka rubuta zuwa umarnin na'ura, ta duba ta ga babu mai taɓa bariyabul ɗin a cikin zagayen, sai ta karanta shi sau ɗaya ta ajiye a rajista, wani ɗan gurbi a cikin furosesa, shi ke nan ba ta ƙara leƙawa ba. Furosesa ma da nasa halin, yakan jinkirta rubutu ko ya sauya jerin umarni don sauri. Furosesa nau'in x86, wanda aka fi samu a laftof, na da ɗan tsauri a nan, nau'in ARM kuwa, wanda ke cikin wayoyi, sakin fuska gare shi, shi ya sa manhaja za ta yi lafiya lau a laftof ta je waya ta rikice.

Masanin kimiyyar kwamfuta Leslie Lamport ya bayyana tsarin da duk zaruruwa ke ganin abubuwa a jeri ɗaya tun 1979. Java ta gyara nata ƙa'idojin kan wannan batu da wani daftari mai suna JSR-133 a Java 5, shekarar 2004, yaren C++ sai 2011 ya samu nasa.

A Java in an sa wa bariyabul kalmar volatile, duk zaren da ya karanta bayan rubutu zai ga sabuwar ƙima, haka ma in an kulle da synchronized, wato kullen da ke barin zare ɗaya kawai ya shiga a lokaci guda. Amma fa volatile gani kawai take gyarawa, ƙara ɗaya a kan lamba mataki uku ne, karantawa da ƙarawa da rubutawa, zare biyu za su iya cin karo a tsakani ƙirga ta ɓace, nan sai AtomicInteger, mai haɗa matakan uku wuri guda, ko kulle. Ita kuma volatile ta yaren C suna kawai suka haɗa, ba ta ba da wannan tabbacin, a C++ std::atomic ake amfani da shi.