Waiwaye: daga jiniyar Kakuri zuwa mudun hukumar ƙididdiga

A watan Agustan 2023 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce marasa aikin yi a Najeriya kashi 4.1 ne cikin ɗari, a teburin mai shayinmu na unguwar Makera a Kaduna dariya aka yi ta yi har wani ya ƙware, saboda adadin ƙarshe da kowa ya sani shi ne kashi 33.3 na ƙarshen 2020, kuma tsakanin nan da can ba mu ga an buɗe ko masaƙa ɗaya a Kakuri, unguwar masana'antun Kaduna, ba. Wasu suka ce ƙarya ce kawai. Ni dai ban ce ƙarya ba ce, mudun aka canza, kuma ba ranar aka fara ba.

Abu uku ake dubawa in ana son sanin lafiyar arzikin ƙasa: yawan abin da aka samar a shekara wato GDP da yadda yake ƙaruwa, sai aikin yi, sai cinikin waje, me muka sayar me muka sayo. A zamanin Sardauna ukun nan tare suke tafiya kamar 'yan gida ɗaya. Manomi ya noma auduga a Funtuwa ko Gusau ko ƙasar Zazzau, a gurje ta, jirgin ƙasa ya kawo ta Kaduna, masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta saƙa, daga baya Nortex da Arewa da UNTL suka biyo, ga Fijo ta fara haɗa mota a 1975, ga matatar mai a 1980. Iyayenmu ba su buƙatar wani rahoto, in jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki ka ga kekuna sun cika titin Kakuri har mota ba ta samun hanya, to ƙididdigar ke nan.

Man fetur ne ya fara raba su. Tun 1958 ake fitar da shi amma a shekarun 1970 ne ya danne gyaɗa da auduga da koko, kuɗi suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, naira ta fi dala daraja, komai sai a sayo daga waje don ya fi araha. Da farashin mai ya faɗi Shagari ya kawo tsuke bakin aljihu a 1982, Babangida ya kawo SAP, shirin gyaran tattalin arziki, a 1986 aka karya naira. Masaƙa kuwa kayan gyaran injinta da sinadarin rini da dala take saye, ga NEPA ba wuta, ga baƙin mai ya yi tsada, ga atamfar fasa-ƙwauri 'yar Caina tana shigowa ta Nijar da Kwatano. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne, a daidai shekarun nan ne GDP yake hawa da wajen kashi 6 zuwa 7 duk shekara, wayar salula ta zo a 2001, mai yana tsada, an yafe mana bashin dala biliyan 18 a 2005, a takarda ƙasa tana ta bunƙasa alhali a unguwannin Makera da Nasarawa masu gyaran injin saƙa sun koma acaɓa. Rijiyar mai da kamfanin waya kuɗi suke kawowa masu yawa amma mutum nawa suke ɗauka aiki?

Sai Afrilun 2014, lokacin Yemi Kale yana shugaban NBS, Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi. Dare ɗaya arzikin Najeriya ya tashi daga wajen dala biliyan 270 ya koma biliyan 510, muka wuce Afirka ta Kudu muka zama na ɗaya a nahiyar. Gaskiya gyaran yana da hujja, domin har lokacin da ma'aunin farashin 1990 ake awo, shekarar da babu salula babu masana'antar fim, sai aka dawo da shi 2010. Amma dai buhu ɗaya ne aka sake aunawa, ko ƙwayar hatsi ba ta ƙaru a gidan kowa ba. Shekara biyu kacal mai ya sake faɗuwa, 2016 arziki ya ja baya da kusan kashi 1.6, a 2020 korona ta sake jawo haka. Kuma ko a shekarar da aka ce an samu ƙarin kashi 2, jama'a suna ƙaruwa da wajen kashi biyu da rabi, to ka ga ai rabon kowa raguwa ya yi, tuwon ya ƙaru kaɗan hannuwa sun fi shi ƙaruwa.

Mu dawo kan 4.1 ɗin nan. A tsohon lissafi in ba ka yi aikin awa 20 a sati ba ana sa ka cikin marasa aiki. A sabon lissafi, wanda suka ce shi ne tsarin ƙungiyar ƙwadago ta duniya, in ka yi aikin awa ɗaya a sati don kuɗi ko riba to kai mai aiki ne. Wato yaron da ya gama jami'ar KASU ko kwalejin Kadpoly yana zaune a shagon POS na yayansa, da mai tura baro a Kasuwar Barci, da mai tsintar ƙarfe ya kai Panteka, duk sun fita daga layin marasa aiki. A ƙasar da ba a biyan marar aiki ko sisi dama wa zai zauna? Talaka ba shi da halin zaman banza, yunwa za ta fito da shi. Adadin da ya fi faɗin gaskiya yana cikin rahoton amma ba a cika karanta shi a labarai ba, sama da kashi 90 na masu aikin duk a sana'ar da ba rajista ba albashi ba fansho suke. Kuma NBS ɗin nan dai ita ce a 2022 ta ce mutum miliyan 133 suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban.

Cinikin waje shi ma sai an yi hattara. Mai bai kai kashi 10 na GDP ba amma shi ne mafi yawan abin da muke fitarwa nesa ba kusa ba, don haka in ka ji an ce an samu rara, fara tambayar nawa ganga take. Bayan Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 aka kuma saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, rarar ciniki ta kumbura a lissafin naira, wani ɓangare don dalar man ta zama naira mai yawa, wani kuma don ɗan kasuwa ya kasa sayo kaya. Sannan littafin kwastan bai san hatsin da ke tsallakawa Maraɗi ba, bai san shinkafar da ta riƙa shigowa a kan babur ko lokacin da Buhari ya rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba. Mu nan abin da muke da shi na fitarwa har da citta ta Kachia da Jaba, ita ma cuta ta cinye gonaki a 2023.

A 2025 an sake taɓa mudu har sau biyu. Hauhawar farashi tana kashi 34.80 a Disamban 2024, aka sabunta kwandon kayan da ake aunawa ta dawo 24.48 a Janairu, tiyar masara kuwa ba ta ji labari ba. A Yuli aka mayar da ma'aunin GDP zuwa 2019, ya fito wajen dala biliyan 243, ko rabin na 2014 bai kai ba. Kuma duk wani lissafin rabon kowane mutum da yawan jama'a ake raba shi, mu kuwa rabon da a ƙirga mu tun 2006, wanda aka sa za a yi a Mayun 2023 ana saura kwanaki aka ɗage shi.