Lokaci sabau da lokaci mai ci a nahawun Turanci

A nahawun Turanci akwai siffofi biyu na aikatau da ake maganar halin yanzu da su. Turawa suna kiran ta farko *present simple*, ta biyu kuma *present continuous* ko *present progressive*. Ta farko ita ce ke cikin jimla irin *She sells rice*, ta biyu kuma *She is selling rice*. Malaman da ke koyar da Turanci da Hausa sukan kwatanta ta farko da lokaci sabau (irin "takan sayar"), ta biyu da lokaci mai ci (irin "tana sayarwa"). Kwatancin yana taimakawa, sai dai bai cika daidai ba, domin iyakar da Turanci ya shata tsakanin siffofin biyu ba nan Hausa ta shata tata ba.

Dukansu biyu na yanzu ne. Abin da ya raba su shi ne yadda mai magana yake kallon aikin. Idan ya ɗauke shi a matsayin tsayayyen abu, ɗabi'a, sana'a ko gaskiyar da ba ta sauyawa, sai ya ɗauki ta farko. Idan yana kallonsa a tsakiyar gudana, an fara ba a gama ba, ko kuma na ɗan lokaci ne, sai ya ɗauki ta biyu. *She sells rice* na nufin sana'arta ke nan, ko da a wannan sa'ar barci take yi. *She is selling rice* na nufin tana bakin buhu da mudu a hannu, ko kuma kwanan nan ta kama sayar da shinkafar kafin wani abu ya samu.

Yadda ake gina su

Siffar farko aikatau ne tsurarsa, kamar yadda yake a ƙamus: *I work, you work, we work, they work*. Wuri ɗaya kawai yake sauyawa. Idan aikau (mai yin aikin) tilo ne kuma mutum na uku, wato *he, she, it* ko sunan da ya tsaya a madadinsu, ana ƙara ɗafa-ƙeya ta *-s*: *he works*. Aikatau masu ƙarewa da *s, sh, ch, x* da wasu masu *o* suna ɗaukar *-es*, kamar *watches* da *goes*. Idan baƙi ya zo kafin *y*, sai ta koma *-ies*, shi ya sa ake rubuta *studies* amma *plays*. *Have* kuwa *has* take komawa. Furucin wannan ƙaramin harafi iri uku ne: kamar s a *works*, kamar z a *runs*, kamar iz a *watches*.

Korewa da tambaya suna buƙatar mataimaki, wato *do* ko *does*. Da zarar *does* ta shigo, ita ce ke ɗauke *-s* ɗin, babban aikatau ya koma tsurarsa: *Does he work?*, *He does not work*. Rubuta *Does he works?* tufka ce biyu a wuri ɗaya, kuma malaman da ke duba takardun WAEC da NECO sun saba cin karo da ita. Aikatau *be* ba ya neman wannan taimako: *Is she a nurse?*, *They are not here*.

Siffa ta biyu gida biyu gare ta: *am, is* ko *are*, sannan aikatau mai *-ing*. *I am eating, she is eating, they are eating*. Wajen rubutu ana jefar da *e* ta ƙarshe da ba a furtawa, *make* ya zama *making*; ana ninka baƙin ƙarshe bayan gajeren wasali mai nauyi, *run* ya zama *running*; *ie* ta koma *y*, *lie* ya zama *lying*. Birtaniya da Amurka sun saɓa a kan *l*: can Ingila *travelling* ake rubutawa, a Amurka *traveling*.

Inda siffar farko take aiki

Babban aikinta ɗabi'a ce da maimaici, shi ya sa take tafiya da kalmomi irin su *always, usually, often, never, every day*. Tana kuma ɗaukar gaskiyar da ba ta da ranar ƙarewa: *The sun rises in the east*, *Water boils at 100 degrees Celsius*. Da ita ake faɗin jadawalin da hukuma ko kamfani ya tsara, ko da abin sai gobe: *The train leaves at 8*.

Akwai wasu wurare da mai koyo ba zai yi tsammaninta ba. Mai sharhin ƙwallon ƙafa a rediyo yana ganin abin da ke faruwa a gabansa, amma cewa yake *He passes, he shoots, he scores*, saboda kowane ɗaya daga cikin ayyukan ya ƙare kafin a rufe baki. Babu tsakiyar da za a tsaya a kalla. Kanun jaridu ma da ita ake rubuta su, ko da abin jiya ya auku: *President arrives in London*. Haka nan kalaman da faɗarsu ita ce aikata su, irin *I promise, I apologise, I resign*. Sannan bayan *when, if, before, until, as soon as*, idan ana maganar gaba, ba a sa *will*: *I will call you when he comes*. A nan Bahaushe shuɗaɗɗen lokaci yake sawa, ya ce "idan ya zo", wanda ke nuna cewa harsunan biyu kowanne da yadda yake kauce wa lokaci mai zuwa a irin wannan gurbi.

Inda ta biyu take aiki

Banda aikin da ke gudana a daidai lokacin magana, tana nuna abin da ba na dindindin ba. *I live in Leeds* mazauni ne yake magana. *I am living in Leeds* kuwa akwai ƙanshin cewa zaman na karatu ne ko na aiki, za a tashi. Tana nuna sauyin da ke tafiya sannu a hankali, kamar *Prices are rising*. Tana kuma faɗin shirin da aka riga aka ƙulla: *I am meeting the doctor on Monday* na nufin an sa rana, ba fata ba ne.

Idan aka haɗa ta da *always*, ma'anar takan karkata zuwa ƙorafi. *He always loses his keys* labari ne kawai. *He is always losing his keys* mita ce, irin ta wanda ya gaji da taya neman makulli.

Aikatau na hali

A 1957 masanin falsafa Zeno Vendler ya kasa aikatau gida huɗu bisa yadda suke cin lokaci, kuma ɗaya daga cikin gidajen shi ne na hali, wato waɗanda ba aiki suke nunawa ba, yanayi ne da mutum ko abu yake ciki. Su ne irin *know, believe, understand, want, need, like, own, belong, seem, contain*. A daidaitaccen Turanci waɗannan ba su cika karɓar *-ing* ba. Ana cewa *I know him*, ba a cewa *I am knowing him*. Dalilin ba mai wuya ba ne: sani ba shi da farko da tsakiya da ƙarshe irin na cin tuwo.

Wasu kuma fuska biyu gare su, kuma a nan ne darasin yake da daɗi. *I have a car* mallaka ce. *I am having lunch* ci ne. *I think he is right* ra'ayi ne. *I am thinking about it* tunani ne da ake kan yi. *The soup tastes good* yanayin miyar ne. *She is tasting the soup* cokali ne a baki. *I see* na iya nufin na gane. *I am seeing the manager tomorrow* ganawa ce. Har *be* kanta tana shiga: *He is rude* halinsa ne, *He is being rude* yau ne ya ɗauko rashin kunyar, ba a san shi da ita ba.

Dokar ba ƙarfe ba ce. Kamfanin McDonald's ya fito da taken tallarsa *I'm lovin' it* a 2003, kuma a hirar yau da kullum Turawa suna cewa *I'm loving this weather* idan suna son nuna jin daɗin da ke kansu a lokacin. Amma wannan sassauci na baki ne. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawa ko takardar neman aiki gara ya tsaya a kan tsohuwar ƙa'ida.

Inda Hausa da Turanci suka raba hanya

Hausa tana da lokaci sabau na kanta mai *kan*: nakan je, takan dafa. Da a ce duk ɗabi'a da shi ake faɗa, da koyon Turanci ya zo da sauƙi. Amma a bakin mutane lokaci mai ci ya mamaye filin. Muna cewa "yana aiki a banki", "tana zuwa Islamiyya kullum", "rana tana fitowa daga gabas", "suna zaune a Zariya". Duk waɗannan a Turanci siffar farko suke ɗauka: *he works, she goes, the sun rises, they live*. Ɗalibin da ya haddace cewa "yana" daidai take da *he is* zai rubuta *She is going to Islamiyya every day*, kuma a kunnen Bature wannan na nufin sabon abu ne da ta tsira na ɗan lokaci.

Mallaka ta fi kowanne kama mutane. Hausa ba ta da aikatau guda da ya yi daidai da *have*, "ina da", "yana da", "muna da" take cewa, da lamirin nan na lokaci mai ci. Daga nan zuwa *I am having two brothers* taku ɗaya ne. Haka "ina so" ke haifar da *I am wanting*, "ina jin Turanci" ke haifar da *I am hearing English*, alhali Bature *I understand English* ko *I speak English* zai ce. Wannan faɗaɗa aikin *-ing* bai tsaya ga Hausawa ba. Sananne ne a Turancin Najeriya gaba ɗaya, da na Indiya ma. Turancin buroka yana ƙara masa ƙarfi, domin kalmarsa ta *dey* tana ɗaukar ɗabi'a da gudana duka, kamar dai "na" ta cikin "yana" a Hausa.

Ta ɗaya gefen kuma akwai aikatau na hali da Hausa ke sa wa shuɗaɗɗen lokaci alhali yanzu ake nufi: na sani, na gane, na yarda, na tuna. Turancinsu *I know, I understand, I agree, I remember*. Wanda ya bi siffar Hausa ya ce *I understood* ya mayar da maganar jiya.

Sai kuma "ina zuwa". Mutum ya miƙe daga tabarma, ya juya baya zai fita, ya ce *I am coming*. Kowa a Kano ko Kaduna ya gane yanzu zai dawo. Baƙo daga Ingila kuwa zai tsaya yana kallon mai cewa yana tahowa alhali tafiya yake. Jimlar ba ta da aibi a nahawu. Ma'anar ce ta gida. Abin da Bature ke faɗa a wannan gurbi shi ne *I'll be right back*.

Masu Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi matsalarsu ta juya. Faransanci ba shi da wannan rabo a jikin aikatau: *je mange* na iya zama *I eat* ko *I am eating*, sai in an so jaddadawa a ce *je suis en train de manger*. Don haka wanda ya zo Turanci ta ƙofar Faransanci ya fi saurin cewa *I eat now* inda ya kamata ya ce *I am eating now*. Jamusanci ma haka yake a daidaitacciyar siffarsa.

Tarihi a taƙaice

Wannan *-s* ta *he works* daga arewacin Ingila ta taso. Ana ganinta a rubuce-rubucen yankin Northumbria tun ƙarni na 10. A kudu *-eth* ake amfani da ita, kamar *he goeth*. A zamanin Shakespeare, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, siffofin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a Landan, kuma ya yi amfani da duka biyun. Fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ta riƙe *-eth*, amma a bakin jama'a *-s* ce ta yi nasara, *hath* da *doth* (tsoffin siffofin *has* da *does*) suka ɗan jima kafin su bi sahu. A ƙarnonin nan ne kuma *do* ta kafu a tambaya da korewa. Kafin nan ana iya cewa *I know not* ko *Know you him?*

Siffar *-ing* tana da tushe a tsohon Turanci, sai dai ba ta zama tilas ba sai daga baya. A ƙarni na 16 mutum zai iya tambayar *What do you read?* yana nufin me kake karantawa yanzu. Siffarta ta aikin da ake yi wa abu, irin *The house is being built*, ba ta bayyana ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 18. Kafin nan *The house is building* ake cewa, kuma masu gyaran harshe na ƙarni na 19 sun yi ta sukar sabuwar siffar a matsayin ɓata Turanci. Yau ita ce ake koyarwa a aji, tsohuwar kuma ta saura a 'yan jimloli kaɗan irin *Dinner is cooking*.